Labarin hanya da ɗuminsa: kundin aikin bin sawun kekunanmu

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau muka ɗaura waya a jikin keken Adaidaita Sahu na farko. Na ce bari in buɗe kundi in riƙa rubuta inda aka kwana, don na san halina: nan da wata uku sai in manta dalilin da ya sa muka ɗauki wannan muka bar waccan.

Sana'armu kai kaya ce. Masu sayar da atamfa da leshi da shadda ta WhatsApp da Instagram, yawancinsu matan aure ne da ke gida, su yi oda a Kantin Kwari, mu kuma mu ɗauka mu kai wa mai saye har ƙofar gida, ko mu kai tasha idan na wani gari ne. Adaidaita Sahu shida gare mu da ɗan shago a Fagge. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lissafi ya canza. Yanzu lita tana wasa da naira dubu, duk mintin da keke ya yi a tsaye cikin gosulo inji na kunne, daga aljihunmu yake fita.

Abin da ya fi mai ci mini rai shi ne kiran waya. Hajiya ta kira: "Malam, tun azahar fa aka ce kaya sun taso." In kira direba in ce kana ina, ya ce, "Ga ni nan, na kusa." A Kano "na kusa" tana iya nufin yana bakin layin, tana iya nufin ko Kwari bai bari ba.

Ƙanina da ya karanci kwamfuta shi ya kawo shawarar. Mun sayo tsofaffin wayoyin Android a Farm Centre, ya saka musu manhajar Traccar, wadda kyauta ce. Kowace waya tana aika inda take zuwa wata kwamfuta da muka yi haya a intanet, ni kuma ina shago ina kallon ɗigo yana tafiya a kan taswira. Amma ba kallon ɗigo ne burin ba. So muke mu san hanyar da ta cushe a daidai lokacin da ta cushe, mu gaya wa direba tun bai sa kai ba.

Laraba, 22 ga Janairu

Duka shidan sun hau.

Sai da ƙanina ya zaunar da ni kafin na gane cewa wayar ba ta aika wa tauraron ɗan'adam komai, saurare kawai take yi. Taurarin GPS suna can nisan da ya ɗan haura kilomita 20,000, kowanne yana ta shelar lokaci da inda yake. Da waya ta jiyo aƙalla huɗu sai ta lissafa wurin da take. Wannan bai cin data ko kaɗan. Datar tana tafiya ne wajen aiko mana da labarin. Tunda shekaranjiya hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data, mun sa kowace waya ta riƙa aikowa bayan daƙiƙa 30 maimakon 10.

A buɗaɗɗen titi irin na Zariya ɗigon yana bin kwalta tiryan-tiryan. Amma da keke ya shiga tsakanin benayen Kwari, ko lungunan cikin gari wajen Kurmi, sai saƙon tauraron ya riƙa dukan bango yana dawowa, ka ga ɗigo ya tsallaka katanga ya shige gidan mutane.

Babbar matsalar ba ta waya ba ce. Dattijon direbanmu, wanda kowa ke kira Baba, ya yi acaɓa har zuwa lokacin da aka hana ɗaukar fasinja a babur a Kano cikin Janairun 2013, sannan ya koma keke. Ya tsaya yana kallon wayar kamar an ɗaura masa kunama, ya ce, "Ɗana, wato ka sa mana ɗan sanda a aljihu ke nan." Na yi alkawari a gaban kowa: ba wanda za a yanke wa ko kwabo saboda abin da ɗigo ya nuna, kuma da an tashi aiki kowa ya kashe tasa. Bai ce ya yarda ba. Ya dai bar ta a wurin.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Mako biyu ina kwatanta launukan cunkoso na manhajojin taswira da abin da kekunanmu ke tararwa. A manyan tituna suna ƙoƙari. A ƙananan hanyoyi kuwa sau da yawa ba launi ko ɗaya, ko kuma kore shar alhali wuri a cushe yake.

Dalilin yana cikin yadda ake samo launin. Ba kyamara ce a sama take leƙe ba. Wayoyin mutanen da ke kan hanyar ne suke ba da saurin tafiyarsu: idan wayoyi da yawa suna jan ciki a wuri ɗaya, sai a shafa wa titin ja. A wani bidiyo da ya fito a Fabrairun 2020, wani mai fasaha a Balin ta Jamus, Simon Weckert, ya zuba wayoyi 99 a 'yar amalanke, duk a kunne da Google Maps, ya riƙa jan su a ƙafa. Titin da babu kowa ya koma ja wur a taswira. Mu namu akasin haka ne. Keke ɗauke da mutum huɗu, kowa da waya a aljihu, amma kowa ya kashe data don kada ta ƙare. Titi cike da mutane, taswira ba ta ga kowa ba.

Yau kuma Juma'a ta koya mana nata. Taswira ta nuna wa yaronmu ɗaya hanya a buɗe, ya je ya tarar an shimfiɗa tabarmi har tsakiyar titi, sahu ya fito daga masallaci. Wannan ai ba labarin gaggawa ba ne, yaron goye ma ya san da shi. Mun ɗauki biro mun zagaye masallatan Juma'ar da ke kan hanyoyinmu, kowanne da lokacin da yake tayar da salla, don ba lokaci ɗaya suke yi ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Yau na yi asarar mai da rabin yini, kuma laifina ne.

Tun farkon wata muka buɗe zaure a WhatsApp, duk direban da ya ga abu a hanya ya turo saƙon murya, don ba mai iya rubutu yana tuƙi. Abin ya karɓu fiye da yadda na zata. Da wajen ƙarfe sha ɗaya na safe wani ya turo cewa tirela ta mutu a titin Katsina wajen Kurna, ta tare hanya, kowa ya kauce. Madalla. Da ƙarfe uku na aiki ƙaramin cikinsu da turame takwas zuwa Bachirawa. Ina kallon ɗigonsa ya bar hanya ya kama wani dogon zagaye ta cikin unguwanni. Na kira shi. Ya ce, "Oga, ai cewa aka yi a toshe take." Daga baya muka ji tun kafin azahar aka janye tirelar.

Bai yi ƙarya ba, wanda ya turo saƙon ma bai yi ƙarya ba. Labarin ne ya kwana a hannunmu ya yi tsami, muka ci gaba da sayar da shi a matsayin sabo.

Na koma na saurari saƙonnin mako biyu ɗaya bayan ɗaya, sai na ga abin da ban lura da shi ba. Kusan duka na toshewa ne. Kowa yana ba da labarin hanya ta rufe, ba mai ba da labarin ta buɗe. Kuma haka ɗan'adam yake: wanda ya maƙale ransa a ɓace, yana da lokacin danna waya, wanda ya wuce sumul ba ya ma tuna an taɓa cewa akwai matsala a wurin.

Ƙanina ya ce manhajar nuna hanya ta Waze, wadda Google ya saya a 2013, ita ma ta san wannan ciwon, shi ya sa take tambayar direban da ya biyo baya ko abin yana nan, idan ba wanda ya tabbatar sai rahoton ya ɓace da kansa. Muka kafa tamu dokar. Na sayo farin allo na rataye a shago. Duk labarin da ya shigo a rubuta shi da lokacinsa, a kuma yanka masa wa'adi. Ƙaramin hatsari, rabin awa. Babbar mota da ta lalace, awa ɗaya sannan a sake tambaya. Ɗaurin aure a ƙofar gida, da an shafa fatiha an watse. Rumfar zaman makoki kuwa sai a ba ta kwana uku. Wa'adi na cika a goge, ko da ba wanda ya ce an buɗe.

Ƙanina zai sa kwamfuta ta riƙa kashe rahoto da kanta da zarar kekenmu ya ratsa wurin da gudunsa na yau da kullum. Da nake kwance da daddare sai wani abu ya faɗo mini: idan mun hana duka shidan bin hanyar, wa zai ratsa ta ya gano mana ta buɗe? Mun rufe wa kanmu ido da hannunmu ke nan.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Maganin da muka samu ba na kwamfuta ba ne. Akwai mutanen da ba sa motsawa daga bakin titi tun safe har dare: mai faci, mai shayi, mai cajin waya. Mun yi magana da huɗu a mahaɗun da suka fi ba mu wahala. Kati muke saka musu duk mako, mu kuma idan muka kira tambaya ɗaya ce: "Ya hanyar take yanzu?" Mai facin ya fi kowa iya bayani, har yakan faɗi daga inda layin motocin ya fara.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi goma sha biyu. Kwari ta cika ta batse da masu sayayyar kayan salla, oda ta yi mana yawa.

Daga bayan la'asar zuwa magariba allon nan ba shi da wani amfani. Kowa yana sauri ya sha ruwa a gida, duk hanyar da ka duba ja ce. Sanar da direba cewa titin Murtala Muhammad ya cushe ba ya ƙara masa komai idan wanda zai kauce zuwa gare shi ma haka yake. Abin da ya taimaka shi ne tsohon labari. Ƙanina ya tattaro tafiye-tafiyen da wayoyin suka adana tun Janairu, muka ga awannin da kowace hanya take sakin jiki. Sai muka juya aikin: kayan nesa, irin na Hotoro da Rijiyar Zaki da Panshekara, su fita da safe, na kusa su jira yamma. Ana kiran magariba titi yakan zama fayau na ɗan lokaci, biyu daga cikin yaran suka ce su a ba su dabino da ruwa a keke, sun fi son su yi tafiyar a lokacin. Ban tilasta wa kowa ba. Ƙarfe goma dai dole kowa ya ajiye, tunda tun Yulin 2022 aka hana Adaidaita Sahu zirga-zirga daga goman dare zuwa shidan safe.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na ci mutuncin yaro a banza.

Ɗigonsa ya tsaya cak a Kabuga kusan minti arba'in. Na kira shi da faɗa, na ce ko barci ya samu wuri yake yi. Ya ce, "Oga wallahi ina Ɗorayi, har na sauke kayan." Gaskiyarsa ce. Zafin kwanakin nan yana haura digiri 40, wayar tana manne a gaban keke rana na dukanta, ta yi zafi ta kashe kanta. Taswira kuwa ta ci gaba da nuna wurin ƙarshe da ta ji ɗuriyarsa, da launinsa mai kyau kamar yanzu aka aiko.

Ciwon tirelar Kurna ne ya dawo da wata riga. Yanzu duk ɗigon da ya yi minti biyu bai yi magana ba sai ya koma toka-toka, a rubuta a gefensa tun yaushe aka ji shi. Wayoyin mun sauke su ƙarƙashin kujera cikin inuwa, mun kuma cire musu tsarin tattalin batir da ke kashe manhaja a ɓoye. Na ba yaron haƙuri a gaban waɗanda na yi masa faɗa a gabansu. Baba yana gefe bai ce uffan ba, kallona kawai ya yi, na tuna alkawarin Janairu.

Talata, 20 ga Mayu

Tun da aka fara aikin gadojin Tal'udu da Ɗan'agundi duk mai bin wannan ɓangaren yake neman ta inda zai ɓulle. Mu ma mun samu wani lungu da ke rage mana tafiya sosai, muka sa shi a cikin hanyoyin da muke ba direbobi. Ba a yi wata ɗaya ba sauran masu keke suka gane, suka riƙa bin bayan namu. Lungun da da sai akuya da masu tallan goro ya koma titi.

Jiya mai unguwar wurin ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Malam, an ce kai ne mai na'urar da ke turo mana kekuna." Na ce ranka ya daɗe, shida ne kawai nawa. Ya ce shidan ne suka nuna wa ɗari hanya. Akwai Islamiyya a tsakiyar lungun, yara suna fitowa a guje da yamma, har matasan unguwar sun fara zuba ƙasa suna yin tudun rage gudu.

Ban da bakin musu. Ƙanina ya ba ni labarin wani ƙaramin gari, Leonia, a jihar New Jersey ta Amurka, kusa da gadar George Washington da ke shiga New York. Manhajojin nuna hanya sun riƙa juyo da masu gudun cunkoso cikin layukansu, har a farkon 2018 hukumar garin ta hana baƙin motoci bin yawancin ƙananan titunan a lokutan tafiya aiki da dawowa. Su da doka suka yi, mu da zaman tabarma. Mun cire lungun daga hanyoyinmu daga la'asar zuwa magariba da kuma lokacin tashin makarantar safe. Gaskiya ma yanzu ribarsa ta ragu, don ya cika da kekuna har yana yin nasa gosulon.

Asabar, 28 ga Yuni

Watan nan gyaran taswira muka sa a gaba. Muna amfani da OpenStreetMap, wadda aka fara a Ingila a 2004, kowa yana iya ƙara abin da ya sani a cikinta. Inda sawun kekunanmu ya nuna hanya amma taswira ba ta da ita, ƙanina yakan je da ƙafarsa ya gani sannan ya zana. Inda aka zana layi kamar mota za ta wuce alhali kwata ce ta raba shi biyu, ya gyara.

Ba mu ne farkon masu wannan wahala a Kano ba. Lokacin yaƙi da shan inna an riƙa ba ma'aikatan rigakafi wayoyi masu GPS don a ga unguwannin da ƙafarsu ta taka da waɗanda aka tsallake. A Nairobi ma ɗalibai ne suka riƙa hawa motocin haya da ake kira matatu da waya a hannu, har aka fitar da taswirar hanyoyinsu a 2014.

Adireshi kuwa har gobe "bayan masallaci, gida mai jan ƙyaure, ka tambayi mai kanti". Yanzu duk gidan da muka kai kaya sau ɗaya muna adana wurinsa, da izinin mai gidan. Wata Hajiya ta ce a'a, mun goge nata a gabanta.

Talata, 5 ga Agusta

An kwana ana ruwa, aka wayi gari ana yi. Duk ɗan Kwari da ya ga ambaliyar daminar 2022 gabansa yakan faɗi idan sama ta yi irin wannan baƙin.

Dokar wa'adinmu ta sha kashi yau. Ruwa ba tirela ba ne da za ka ce masa awa ɗaya. Wani wurin yana janyewa minti ashirin bayan an ɗauke, wani yana kwana, wani kuma sai an ɗauke ɗin ma yake cika, don daga sama ruwan yake gangaro masa. Ga ramukan da yake ɓoyewa. Ƙanina yana ta lissafi a kwamfuta, ni ina riƙe da abin goge allo na rasa me zan goge.

Sai ga saƙon murya daga Baba, na farko tun da aka buɗe zauren. Kusan minti uku yana magana. Ya bi hanyoyinmu ɗaya bayan ɗaya: nan kada kowa ya shiga sai bayan azahar, nan ruwan faɗi ne da shi ba zurfi, a bi ta gefen hagu, nan idan ka ga ya taɓa matakalar shagon mai taya ka juya. Ya rufe da cewa, "Ku yaran nan kada wanda ya kashe inji a cikin ruwa." Yau ba keken da ya maƙale.

Litinin, 18 ga Agusta

Zama uku muka yi da Baba bayan an tashi aiki, da shayi da taswira a buɗe. Yana nunawa da yatsa, ƙanina yana sa alama: inda ruwa ke taruwa, tsawon lokacin da yake ɗauka, alamar da ake dubawa. Da aka zo wani wuri wajen Jakara sai da suka yi musu, Baba ya ce taswirar ce ba daidai ba. Ƙanina ya je washegari ya dawo ya gyara.

Abin da ya rage a gabanmu: har yanzu ni ne nake karanta allo in kira direba, ranar da na je ɗaurin aure Wudil aikin tsayawa ya yi. Muna so gargaɗin ya riƙa zuwa kunnen direba da kansa idan ya doshi wurin da ke da rahoto mai rai, da Hausa, a kuma faɗa masa minti nawa ke nan da aka gani. Muryoyin kwamfuta da muka gwada suna karya harshe, yaran dariya suke yi maimakon su saurara. Ƙanina ya ce mu naɗi muryar mutum, jimloli kamar talatin sun isa a riƙa haɗawa. Na tambayi Baba ko zai yi. Ya ce sai ya ji nawa ne, kuma ba ranar Juma'a ba. Mun sa Asabar da safe, kafin Kwari ta buɗe a fara hayaniya.